Tsakuwa a Shinkafa

Yatsuna sun san tsakuwa.
Shekara ashirin ina gumi a Argungu,
in baza shinkafa a tabarma, in bi ta da tafin hannu,
ko idona a rufe, ɗan dutse bai tsere mini.
Amma jikin nan da nake kwana a cikinsa
ban taɓa laluben sa haka ba.

Yaya Ige ce ta koya mini, kuma ba da baki ba.
Ta ji nata a wurin wanka, kamar ƙwayar gurjiya,
ba zafi, ba ƙaiƙayi.
Ta ce abin da ba ya ciwo
ba ya hana mutum zuwa fadama.
Damina ɗaya ta wuce. Ta biyu ta zo,
fatar ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo,
kan ya shige ciki kamar mai jin kunyar suruki.
Muka shafa man kaɗanya, muka jiƙa sassaƙe,
muka kira shi da kowane suna ban da nasa.
Ranar da muka kai ta Birnin Kebbi
likita ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
"Da bara kuka zo," in ji shi.
Bai ƙarasa ba.

An kai ta ana tsakar yankan shinkafa.
Tukunyarta na nan a kife bayan rumbu.

Wata ma'aikaciya, Rahila, mai wushirya,
ita ta tare ni a baranda tun kafin nan,
ta ce, "Ke fa? Shekarunki nawa?"
Na ce arba'in da ɗaya, in Inna ba ta ɓata lissafi ba.
Ta ce, "To kin isa hoto.
Daga arba'in ake farawa, duk shekara,
ko bayan biyu, yadda likita ya gani.
Wadda sankarar mama ta taɓa gidansu
ba ta jiran arba'in ma, da wuri take zuwa.
Kuma kowane wata, in kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki,
ɗaga hannu, ki bi shi da yatsu uku har hammata.
Ba duk ƙullutu ne daji ba.
Amma ba ke za ki yanke hukunci ba."

Na yi wata bakwai ina jan ƙafa.
Kuɗin mota, na ce. Aiki, na ce.
Ƙarya ce. Tsoro ne.

Sai ranar kasuwa na sayar da buhun fari,
na ƙulle kuɗin a bakin zane, ban gaya wa kowa ba.
Injin nan sanyi gare shi kamar randa da asuba,
ya matse ni har na tuna sunan kakata,
na ɗauke numfashi, aka ce saki.
Shi ke nan. Ko ruwan gumi bai isa tafasa ba.

Takarda ta fito, ba a ga komai ba.
Na zauna gindin dalbejiya na yi kuka,
ba don kaina ba.

Yanzu na ɗaure lokacina da na shinkafa:
in an yi yanka, buhun farko na asibiti ne.
Matan gumi suna tsokana ta,
wai Kulu mai kai lafiya gidan ciwo.
Na ce mai tsintar tsakuwa ba ta jira
sai haƙori ya same ta a tuwo.
Tumba ta yi dariya har da riƙe ciki,
amma jiya da magariba ta leƙo ta katanga,
murya ƙasa-ƙasa: "Motar ƙarfe nawa kike shiga?"

Luba, 'yar Yaya Ige, ta kai ashirin da shida.
Daren jiya na ja ta ɗaki, na sake labule,
na kama yatsunta uku, irin na uwarta sak,
na ce, nan za ki fara,
a hankali,
kamar kina neman abin da ba ki so ki samu.