Ƙyalle na Bakwai

Shekara ashirin da uku ina yanka yadi a Idi-Araba,
shagona na kallon katangar asibitin koyarwa,
ban taɓa jin cewa akwai tela a cikin jikin mutum ba.

Nusaiba ta kai wata tara ba ta zauna ba.
In ka ɗaga ta, kanta ya rinjaya baya
kamar rigar da aka rataye a ƙusa.
Idonta kuwa garau, yana bin fanka,
yana bin ƙadangare a bakin kwata.

Dakta Oyelaran ta ga tef a wuyana,
ta ture takardun gwaji gefe.
Ta ce, Baba, kai za ka riga ɗalibaina ganewa.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai littafin awo,
ba ya fita daga ɗaka.
Sai dai a kwafo shafi, sunan kwafin RNA,
dogo kamar bandir, abin so da abin zubarwa a jere.
Akwai almakashi da ke bi yana cire rara,
ana haɗa bakin wannan ƙyalle da na wancan.
Ba da ka yake yi ba, alli yake bi.
Wani zanen ya ce ɗinka nan,
wani ya ce tsallake.
Shi ya sa daga yadi ɗaya
ƙwaƙwalwa ta fitar da riga, hanta ta fitar da wando.

Na ce, wannan ai sana'ata ce.

Ta ce, to 'yarka ta zo babu awon farko.
Akwai na ajiya, amma harafi guda ya kauce a ciki,
sai almakashi ya riƙa ɗaukar ƙyalle na bakwai shara ne.
Riga goma, tara sun fito ba hammata,
sun yage tun ba a sa ba.
Jijiyoyin da ke kai wa tsoka saƙo
da guda ɗayar suke rufa asiri, suna ta ƙarewa.

Na tuna Ɗanlami yarona, jajibirin wata salla,
da ya share ƙyallen hammatar wani alhaji ya kai bola,
na zage shi har Mushin ta ji.
Yau wa zan zaga?
Ni da Rakiya kowa ya kawo rabin kuskuren,
ba wanda ya sani, ba wanda ya yi niyya.

Akwai allura, in ji ta.
Dariya ta kuɓuce min, don da allura nake cin abinci.
Ta ce wannan a gadon baya ake yi, cikin ruwan laka.
Ɗan guntun zare ne, harafi goma sha takwas,
ya je ya kwanta kan allin da ke cewa tsallake,
almakashi ya zo bai gani ba,
na bakwai ya tsira, a ɗinke shi a gurbinsa.
Abin da ya mutu ba ya dawowa. Saura ake tsarewa.

Sannan ta faɗi kuɗin, da muryar mai ta'aziyya.
Na lissafa da kaftani, lissafi ya ƙi.
A zuci na sayar da keke, da janareta, da shagon da ba nawa ba,
ban kai ko wuyan rigar ba.
Ta rubuta sunan Nusaiba a takardar neman taimako,
ta ce wata uku, ƙila shida. Ƙila.

Muka fito ana ruwa,
danfo sun cushe, kwandasta na tsage maƙogwaro da Oshodi.
Rakiya ta goya ta, ta miƙa hannu baya ta tallafe kan.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na jawo sharar ƙarƙashin keke,
ina ɗaga ƙyallaye ɗaya ɗaya,
shadda, atamfa, wani leshin amarya tun bara,
na kasa zubar da ko guda.

Nusaiba a tabarma ba ta yi barci ba.
Ta sa yatsu biyu ta kama bakin tef ɗina.
Ja ne mara ƙarfi.
Na sunkuya, na bar ta ta ja.