Daren Alhamis a Saman Gidan Burodi

A Valparaíso, idan jiragen ruwa sun yi shiru,
Nibaldo ke hawo da kujeru biyu-biyu, yana haki.
Mu goma sha ɗaya ne. Ran ruwa, bakwai.

Yau Ximena ce a gaba, murya na rawa.
Manhajar da ta kwana uku tana ginawa
ta ƙi tashi a bainar jama'a.

Ba wanda ya yi dariya.
Muka haɗa kai, layi bayan layi,
kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa,
har tsoho Eliodoro ya ɗora yatsa:
waƙafi ɗaya ne ya ɓace.

Sowarmu ta sa mai burodi leƙowa.

Da aka tashi, ba wanda ya ce mata komai,
Ximena ta sungumi kujeru biyu
ta bi Nibaldo ƙasa.