Shaidar Haske

Tun yana goye rana ke bin Sallau bashi.
Inna ta saya masa malafa a Kurmi,
ta ɗinka masa riga mai dogon hannu,
amma zabiya a birnin Kano,
ina zai ɓuya wa azahar?
Shekara goma sha tara yana tura baro a 'Yankaba,
tumatir a gabansa, wuta a ƙeyarsa.

Tabon ya fito bayan kunnen hagu,
bai kai ƙwayar wake ba.
Muka shafa man kaɗanya, muka tofa addu'a.
Ya yi ɓawo, ya zube,
ya dawo da jini a kan matashi.

Ran Talata muka hau a-daidaita zuwa titin Zariya.
Na zaci wuƙa za a fara zarowa.
Sai Likita Zulai ta ɗauko wani abu kamar alƙalami
mai igiya a wutsiya,
ta ce a kashe fitilar ɗakin.
Ɗigon haske ya shiga fatar ƙanena
ba sallama, ba zafi.

Ta ce farin haske bakan gizo ne a naɗe.
Lafiyayyen nama yana shan wani launi,
ya mayar da saura;
nama mai ciwo daban yake bayar da canji.
Canjin nan na'urar ke ƙirgawa.

Ta taɓa kumatunsa, layi ya kwanta a allo
kamar Jakara da rani.
Ta koma kan tabon.
Layin ya miƙe, ya yi Dala,
ya gangara, ya sake yin Gwauron Dutse.
Sau uku tana aunawa.
Ni dai fuskarta nake karantawa.

"Ban ce daji ba ne tukuna.
Sai an yanki kaɗan an duba.
Amma hasken ya ce kada mu kai Juma'a."

Sallau ya shafa kunnen, ya yi 'yar dariya:
"Wanda ya yi min ɓarnar,
yau ɗan'uwansa aka kira shaida."

Da muka fito, tana nan a bakin ƙofa,
ƙarfe biyu, tsaye a kan kwalta.
Na buɗe lema na rufe shi.
Ya kanne ido yana duban titi,
ya ce, "Yaya, kin ko biya yaron da ke gadin baron?"