Ƙugiya a Ƙofar Ruwa

Ƙofar Ruwa ake ce mata,
amma shekara ashirin ina zaune a nan
ruwan da na sani na buta ne, da na lagireto,
sai wanda damina ke ɗigo min ta hudar kwano.
Ran Laraba a-kori-kura ta tsaya gaban rumfata,
an kwantar da injin jirgi a kan buhunan wofi
kamar majinyacin da aka ɗauko daga ƙauye,
farfela, da gansakukarta, tana leƙowa.

Mai shi Tanimu, mutumin Rurum,
diddige duk faso, riga na ƙarnin tarwaɗa.
Ya ce, "Fis yake ci, Malam Sabi'u, kamar gyaɗa.
Shida a mako guda.
Na bakwai na naɗe da takardar sigari.
Shekaranjiya ya ɗauke a tsakiyar Tiga,
da mata tara a ciki, da gero, da akuya.
Da filafili muka kai gaci, rana na faɗuwa."

Na ce, ruwa ba ya tsami banza.
Fis maigadi ne, ya mutu don gida ya tsira,
kai kuma ka ɗaure bakin maigadi
ka bar ɓarawo yana yawo a tsakar gida.
Allah ya so ka, da wuta kuka gani kan ruwa.

Ban taɓa taka jirgi ba.
Amma wuta halinta ɗaya, a tudu ko a tafki:
malalaciya ce,
ta ga gajeriyar hanya, ba ta bin doguwa.

Oga Ikenna, da ya koya min a Sabon Gari,
ya kan ce kar ka tambayi waya da ido.
Na cire fis, na jona ƙwan fitila a gurbinsa.
In akwai sata, ƙwan zai tona.
Na mai da kan batir.
Shiru.
Ƙwai ya yi lum kamar bai san zancen ba.
Tanimu ya dube ni, na dubi Sagiru yarona,
Sagiru ya dubi mai rake da ke wucewa.

Na bi ja, na bi baƙa, na bi mai ratsin ɗorawa,
na zare soket ɗaya bayan ɗaya,
na kankare koren tsatsa da tsinken tsire.
Mita ta ce lafiya. Aka kira azahar.
Muka dawo, mita ba ta sake magana ba.
Har na fara haɗa kalmomin ban haƙuri,
sai gwiwar Sagiru ta bugi benci,
ƙwai ya yi wal, ya koma mutuwa.

Sake bugawa!
Wal.
Ashe ɓarawon ba ya fita sai gida na girgiza.

Na kama damin wayoyi ina murzawa
taƙi bayan taƙi, kamar mai ɗori na laluben karaya.
Can ƙarƙashin sitata, inda hannu ba ya son zuwa,
wani abu ya sare ni a ɗan yatsa.
Na tsaga tef da reza.
Ƙugiya ce, 'yar mitsitsiya, ta yi jar tsatsa,
bakinta ya huda jar waya har tagulla,
gindinta na sumbatar ƙarfe duk sanda inji ya motsa.
Na ɗaga ta sama, da jinina a kai:
Tanimu, shekara nawa kana su?
Bana ka kama babba, ka kama injinka da kanka.
Ya riƙe baki. 'Yan gwangwan suka taru suna darawa.

Na yanke wurin, na ɗinke da dalma,
na sa masa riga biyu, na ɗaure nesa da ƙarfe.
Sabon fis, na gaskiya.
Muka sayi kurar ruwa guda muka cika duro,
muka tsoma ƙafar injin, na murɗa makulli.
Ya yi tari, ya kama, duro ya tafasa fari,
ya jiƙe ni, ya jiƙe mai shayi da burodinsa.
Ranar dai Ƙofa ta ci sunanta na Ruwa.

Ya biya rabi kuɗi, rabi bandar kifi,
ya ce in zo Tiga ya kai ni har tsakiya.
Na ce to.
Ƙugiyar na nan a ƙusa, saman mita.
Ni ban iya iyo ba, kuma ban faɗa masa ba.
Da magariba dai na kan duba waya:
in bai kira ba, sun haye ke nan,
mata tara, da gero, wataƙila da akuya.