Sawakin, Inda Tasalla Ta Tsaya

In ka gangaro daga tudu,
duwatsun Hadandawa za su sake ka sannu-sannu,
ƙasa ta kwanta, ta yi furfurar gishiri,
ƙarnin kifi ya tarbe ka tun ba ka ga ruwa ba.
To, ka iso.

Bahar Maliya ba ta shigo garin nan da faɗinta ba.
Ta ratso tsakanin murjani ta siririyar hanya
kamar zare a kafar allura,
can ciki ta buɗe ta zama akushi,
a tsakiyar akushin ta ajiye tsibiri, loma guda.
Kana iya zaga shi kafin shayinka ya huce.

Da ƙashin teku aka gina shi.
Aka fasa murjani, aka jera, aka shafe da farar ƙasa,
bene bisa bene,
tagogin katako masu ido dubu
inda matan attajirai ke ganin titi, titi bai gan su ba.
Baturke ya karɓi haraji a nan,
Ba'indiye ya auna yadi,
raƙuma sun durƙusa da ƙaro da hauren giwa,
an kuma sauke mutane da igiya a wuya,
wannan ma a faɗa, kada a ce ganuwa ce kaɗai ta gani.

A nan kakata Tasalla ta tsaya.
Shekara bakwai daga Haɗeja, a ƙafa.
Ta binne ɗa a Fashir,
ta tsinci auduga a Jazira har yatsunta suka daina jin ƙaya,
ta iso da kuɗin jirgi ƙulle a bakin zane.
Mai jirgi ya ƙirga, ya ce na mutum ɗaya ne.
Barau ya ce, bari in haye, in aiko.
Ta ce, Allah ya kiyaye hanya.

Ta kafa kasko a bakin gada,
gyaɗa da rani, gyaɗa da sanyi.
Duk jirgin da ya sako hanci ta mashigi
sai ta miƙe, ta karkaɗe zane.

Ba yaƙi ne ya ci garin ba.
Turawa ne suka auna mashigin da igiya,
suka ce ya yi wa jirgin hayaƙi ƙunci,
suka matsa arewa suka kafa Bur Sudan.
Attajirai suka kulle ƙofa suka bi kuɗinsu.
Murjani kuwa ɗan ruwa ne,
in aka daina shafa masa farar ƙasa
sai ya tuna gida.
Soro ya bi soro, ba ko sallama.

Yanzu maguna ke mulki.
Ohaj mai gahawa ya ce ba maguna ba ne,
ya ce in wata ta zuba maka ido, ka ba ta kan kifin,
kada ka tsaya ciniki.

Ni kuwa kwale-kwale gare ni, shuɗi, inji na tari.
Ran Juma'a masu shan iska kan zo,
su ci soyayyen kifi da yaji, su jiƙa sawu,
su ɗau hoto a jikin bangon da ya rage.
Jiya wata yarinya ta nuna tarin farin dutse,
ta ce, Baba, gidan wa?
Na ce ban sani ba.
Na san dai inda kasko ya zauna,
ƙasar wurin har yau baƙa ce.

Da magariba babban jirgin Jidda ke fita,
fitilu jere kamar gari ya tashi tafiya.
Na hau shi sau biyu, ina rakiyar tumaki.
Na kwanta bayan lisha, na farka ga wancan gaci.

Dare ɗaya ne, Kaka.
Ban ko gama barci ba.