Aron Hannu

Ni na cusa nakiya a kwalbar,
ni na gajarta lagwanin,
don ragowar na sayar na sha giyar kwakwa.
Ƙanena Delfin karɓa kawai ya yi zai jefa.
Asuba ce a gaɓar Samar, ruwa kwance kamar mai.
Ba kifin da ya taso ranar.
Hannunsa na dama teku ya karɓa,
bai kuwa mayar ba.

Kafin a kwance masa bandeji na gudu Sebu.
Shekara goma sha ɗaya ina dakon buhu a tashar jirgi,
ina cin abinci da hannun nan, ina jin kunyarsa.
In na ga mai tafi a wurin biki sai in kau da kai.

Sau ɗaya na durƙusa a bayan labule,
na faɗa wa wani tsohon Fada komai, har kuɗin giyar.
Ya ce an gafarta, in tafi lafiya.
Na fito ina cewa a raina:
baki ne, me ya rage shi da shi?
Shi yatsunsa goma cif.

Mutuwar mahaifiyarmu Perpetua ce ta ja ni gida.
Cocin na nan yadda na bar shi,
kwanon rufi na yoyo a kusurwar hagu,
an tara da bokitin fenti.
Yesu na katako a kan gicciye,
gishirin iska ya cinye masa fentin gwiwa.
Na raɓe a bencin baya, kusa da ƙofa,
wurin zaman wanda ke shirin gudu.

Da aka tashi layin karɓar jibi ban motsa ba.
Sai na ji an zungure ni a kafaɗa,
ba da yatsa ba,
da wani abu mai taushi, mulmulalle, mai ɗumi.
Dungun ne.

Ya yi furfura. Ya yi ƙiba kaɗan.
Bai ce ina ka shiga ba, bai ce ka tuna ba.
Ya ce, "Crisanto, tashi.
Da tafi biyu ake karɓa, ɗaya a kan ɗaya.
Na gaji da miƙa harshe kamar jariri.
Ara mini naka."

Muka bi layi, shi a gaba, ni ina jan ƙafa,
mata na kallo ta gefen mayafi.
Ya shimfiɗa hagunsa,
na sa damana a ƙarƙashi, yana rawa,
hannun da ya yanke lagwani.
Fada ya ce, "Jikin Almasihu."
Gurasar ba ta kai nauyin ɓawon kifi ba,
amma na ji ta har gwiwoyina.

Ya Ubangiji, na daɗe ina lissafi da Kai,
ina tara wahala kamar mai adashi,
wai in ta cika in zo in biya.
Ashe ba kanti Ka buɗe ba.
Na zaci in Ka zo, da sanda za Ka zo,
ko da takardar bashi mai hatimi.
Sai ga Ka da rauni a tafi,
Kana neman aro wurin wanda ya yi ɓarnar.

Hannun bai tsiro ba.
Har yau da haƙori yake ɗaure igiyar kwalekwale,
har yau nakan farka da ƙarar a kunnena.
A ƙofar coci ruwa ya tsuge,
ya tura mini lema in riƙe mana,
ya ce tarunsa ya yage tun watan jiya,
in zo da wuri gobe,
kuma kada in zo da hawaye, in zo da zare.