Tasha ta Bakwai

Biyar ya kawo mini cikin buhun dankali,
ruwan sama na ɗiga daga hularsa.
Ya jera su a kan teburina kamar kifin jiya.
Bai ce uffan ba. Su ma haka.

Eliseo, ɗan ƙanwata,
shekara goma sha bakwai, hannu mai ƙaiƙayi.
Wani ne ya ce masa:
cire ɗan ƙarfen nan mai girman ƙwayar riɗi,
oba-obanku za su jiyo har Melinka.
Garin neman gira ya rasa ido.
Yanzu ko bakin gaɓar Quehui ba sa kaiwa,
ga jiragen ƙungiya za su fita da asuba,
ga iskar kudu ta fara gyaran murya.

Na ce, zauna.
Ba da fushi ake fara gyara ba, da batir ake farawa.
Na auna: duk a ƙoshe suke.
Na kwance eriya,
gishirin teku ya ci bakin guda,
na wanke masa da tsohon buroshin haƙori.
Wannan ba laifinka ba ne, na ce.
Ya ɗan ɗago kai.

Sai na buɗe cikin na farko.
Ƙarƙashin gilashi ga aikinsa a fili:
dalma ta zuba kamar kashin kaza,
ta ɗaura aure tsakanin hanyoyi biyu
da ba sa ga maciji da juna.
Wannan kuwa naka ne.

Na tsotse dalmar, na share wurin.
Ina abin da ka cire?
Ya miƙo kwalin ashana.
Huɗu ne a ciki.
Na biyar ya faɗa tsagar katakon ɗakinsu,
sai dai ɓeraye su yi ta jiyo Melinka.

Matsefata a hannun dama, numfashi a riƙe,
na mai da kowanne gidansa.
Ƙarfe ɗaya na dare fitilarsu ta kama,
amma kansu fayau,
ba tasha, ba lamba,
jarirai ne da ba a raɗa wa suna ba.

Tsohuwar kwamfutata ta ce ba ta san wayar ba.
Na sake rami, ta ce ba ta sani ba.
Na kashe, na kunna, na roƙe ta.
Ashe robar bakin ce ta yi kauri,
kan bai shiga har ƙarshe ba.
Reza ta raba gardama.

Ga jerin da na ajiye shekara huɗu baya:
ɗaya, gaɓa;
biyu, masu faɗin halin iska;
uku, jirgin Nibaldo;
haka dai, har bakwai.
Golondrina.

Inna, ya ce, wannan fa?
Ai ba mai amsawa a nan kuma.
A goge, mu sa ta jirgin fito.

Na dubi sunan.
Rosendo ne ya zaɓi lambar,
wai ranar aurenmu ce, da ɗigo a tsakiya.
Na ce, gurbi ɗari da ashirin da takwas ne a ciki, yaro.
Ba wuri ne ya yi mana kaɗan ba.
Na danna. Ɗan layin kore ya ja jiki
har ya cika.

Na tura shi ƙarshen gadar jirage cikin ruwa.
Shuuu, sai murya, ƙarama, jiƙaƙƙiya:
Inna, kina ji na?
Ina jin ka. Sake na gaba.
Sau huɗu muka yi.

Na biyar yana ji tar,
amma ka matsa maɓalli, ko tari ba ya yi.
Na manna masa farin tef a ƙeya,
na rubuta: Belarmino.
Shekara talatin yana teku,
ba wanda ya taɓa jin ya ce an karɓa.

Eliseo ya kwashe su, ya tafi.
Nawa na bari a kunne kan taga,
a kan bakwai,
ƙasa-ƙasa, yana shuuu,
na ɗora ruwan shayi.